Aberewa da Kayan Aro

Zangon Kumasi,
Fabrairu, 1957

Zuwa ga mahaifina,
ta hannun Malam Boukari mai shago, Wad Madani, ƙasar Sudan.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda muke a nan. Mma tana gaishe ka. Gwiwarta ta yi sauƙi, har ta koma suyar ƙosai da safe. Kawu Bawah ma yana gaisuwa. Ni kuma na shiga aji uku na sakandare. Malamarmu ta ce rubutuna yana da kyau, sai dai muryata ba ta kai wa bayan aji.

Baba, Aberewa ta ci gwajin bana.

Na san ba ka son wannan suna, kai "motata" kake cewa. Amma shekara huɗu ke nan tun da ka kama hanyar Makka ka bar ta a hannun Kawu tana jigilar goro, kuma direbobin tashar Kejetia ba su da wani sunan da suke kiranta sai Aberewa, wato tsohuwa da bakin Asante. Mu ma bakinmu ya saba.

Ka san yadda ake shirin gwaji a Zango, amma ni bana na fara gani da idona, don Kawu ya tafi da ni in fassara masa Turancin mai duba motoci. Baba Moro fita, mai gyaran mota na bayan masallaci, shi ne har yanzu yake raba wa tsofaffin ƙananan motoci ranakunsu, don kada biyu su je rana ɗaya kayan aro su kasa. Ranar jajibirin tamu aka kawo tayoyi masu sauran zane daga motar wani, fitila daga ta wani, madubi daga ta wani. Aka cire nata aka jingine a bango. Da suka gama ban gane ta ba, ta zama kamar tsohuwar da jikoki suka yi wa kwalliyar biki. Ita abu ɗaya take bayarwa aro, wato ham ɗinka na roba da ake matsawa da hannu. Baba Moro ya ce duk Zango babu mai muryarsa.

Da za mu tashi ya leƙo ta taga ya ce, "Bawah, kada ka taka birki a hanya. Guda ɗaya ya rage mata, na Bature mai dubawa ne."

Kawu ya ce, "In akuya ta gitta fa?"

Ya ce, "Ka yi mata magana, ai ku kun saba."

A wurin gwajin motoci sun yi layi. Sababbi ba sa daɗewa. Tsofaffi irin tamu ne ake zagayawa ana ƙwanƙwasa su, kuma a gabanmu aka kori biyu, ɗaya don hayaƙi, ɗaya don sitiyari yana rawa. Da aka zo kanmu Baturen ya tsaya a gaban madubin ya daɗe, sannan ya ce yana jin sun gaisa da madubin nan ranar Litinin. Na gaya wa Kawu. Kawu ya ce in ce masa madubai duk uwarsu ɗaya. Baba, na kasa faɗa. Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina. Baturen ya yi dariya, ya sa aka taka birki, motar ta tsaya, ya matsa ham, ya sa hannu a takarda. Kafin la'asar kowa ya zo ya karɓi kayansa, Aberewa ta koma kan tayoyinta masu sanƙo.

Cikinta yana nan yadda ka bar shi. Guntuwar tabarmar da ka yanka ka shimfiɗa a wurin ƙafar direba tana nan. Kawu ya so ya yar da ita, na hana. Duk Asabar nake wanke motar.

Abu ɗaya na roƙi Kawu, ya daina matsa ham a kwanar gidanmu. A nan kake matsawa in ka dawo, kuma har yau in na ji sai in ga na miƙe tsaye kafin in tuna.

An ce wata mai zuwa ƙasa za ta sake suna, ana ta ɗinka tutoci. Ka bar Gold Coast, za ka dawo Ghana. Yaushe ne, Baba?

'Yarka,
Lariya

*

Wad Madani,
Mayu, 1957

Zuwa ga 'yata Lariya.

Bayan gaisuwa, takardarki ta iso, Malam Boukari ya karanta mini, shi ne kuma yake rubuta wannan. Ina lafiya. An gama tsinkar auduga, guzuri ya haɗu, in Allah ya yarda bana zan haye teku. Ku yi mini addu'a.

Ki gaida uwarki da kyau. Ki gaida Bawah da Moro. Ki riƙe karatu, ki riƙa ɗaga murya.

Game da mota: a daina wahalar da mutane da aro saboda ni. In ba ta ci gwajin baɗi ba, Bawah ya sayar da ita. Ko ta ci ma, ba sai an jira ni ba.

Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki,
Gausu

*

Zangon Kumasi,
Agusta, 1957

Zuwa ga mahaifina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, muna lafiya. Muna fata Allah ya karɓi aikinka, in ka samu hayewa. Ranar Arafa Mma ta yi azumi, ni ma na yi.

Takardarka ta zo ana ruwan sama. Na karanta wa Mma a tsakar gida kamar kullum. Da na kai inda ka ce ba sai an jira ka ba, ta tashi ta ce man suyarta yana ƙonewa. Baba, ba a ko hura wuta ba.

Na sake karanta layin sau da yawa ni kaɗai, ko zan ga wata ma'ana. Ranar da za ka tafi kai ka ɗora ni a kan kujerar direba, ka ce mu riƙe maka ita a kan hanya, in ka dawo da ita za ka kai ni makaranta. Ina da shekara goma sha ɗaya. Ban taɓa gaya wa kowa ba, amma duk shekarar da ta ci gwaji nakan ji kamar an ƙara tabbatar mini kana zuwa. Mutum ba ya cewa a riƙe masa abu sai in zai dawo ya karɓa. Yanzu ka ce a sake ta.

Wani tsohon alhaji da ya dawo bara yakan zauna a rumfar Baba Moro. Na ji yana cewa a Sudan akwai garuruwa cike da mutanenmu da suka fita don hajji, suka tsaya neman guzuri, har suka yi furfura a can, 'ya'yansu ba su san goro a bishiya ba. Ya ce na farko sukan aiko a gaida kowa, daga baya sai su aiko a sayar da kaza, a ba wane kaza. Bai san ina ji ba.

Ka gafarce ni in na wuce gona. Ban iya irin wannan magana da baki ba, a takarda kaɗai nake iyawa. In ka yanke shawarar zama, ka faɗa mini kai tsaye. Zan san yadda zan karanta wa Mma.

Kawu ya ji daɗin izininka, ya ce ƙashin bayansa ya gaji. Na ce masa ai sharaɗi ka sa, sai in ta faɗi gwaji. Ya ce ba haka layin ya ƙare ba. Na ce a nan ni na tsaya. Ya dube ni ya ce, "Ke da ba a jin muryarki, yau ga ki lauya." Ya yarda ya jira Fabrairu.

'Yarka,
Lariya

*

Zangon Kumasi,
Nuwamba, 1957

Zuwa ga mahaifina.

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Alhazan da suka tafi ta jirgi sun dawo tuni, an gama cin dabinonsu. Babu wanda ya gan ka. Ina biyawa ta gidan waya in na taso daga makaranta, har ma'aikacin yakan girgiza mini kai tun ban ƙaraso ba.

Ban sani ba ko takardata ta ɓata maka rai ne, ko ba ta isa ba. In ta ɓata maka rai, ka ɗauka ban rubuta ba. Layi ɗaya ya isa, mu dai san kana da rai.

Aberewa tana tari da safe, amma tana tashi.

Lariya

*

Zangon Kumasi,
Fabrairu, 1958

Zuwa ga mahaifina.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Mma tana lafiya, sai dai ta rage magana. Ni ma lafiya. Har yanzu ba mu ji daga gare ka ba, amma na saba ba ka labarin gwaji duk shekara, ba zan fasa ba.

Ta faɗi, Baba.

Ba don rashin ƙoƙarin mutane ba. Bana Zango ta yi mata abin da ba a taɓa yi wa wata mota ba. Baba Moro ya san maganar sayarwa, sai ya ba mu ranar da ta fi kowacce, ya kwana biyu a kan birkinta, ya hana wani direban unguwar Oforikrom fita aiki don a ciri tayoyinsa sababbi. Mutumin yana ta mita, Baba Moro ya ce masa, "Lokacin da taka ta je gwaji, da muryar wa ta yi kuka? Ba da ham ɗin Gausu ba?" Sai ya ɗauko jak da kansa.

Baturen ya tafi, ɗan ƙasa ne yanzu a wurin, mutum mai natsuwa. Ya fara korar wata tsohuwar mota a gabanmu. Amma da ya zo kan tamu, fitila ta kama, birki ya kama, hayaƙi kaɗan ne. Ya kalli madubin nan ya yi murmushi. Kawu har ya fara gyara hula. Sai mutumin ya buɗe ƙofar direba, ya sunkuya, ya ɗaga tabarmarka.

Ta ƙarƙashinta ana ganin ƙasa. Ba rami babba ba, kamar tafin hannuna, amma gefensa duk ya yi ja yana marmashewa. Ya shiga ƙarƙashin motar da ɗan ƙarfensa, yana soka yana fitowa da tsatsa. Ya ce ba farantin ƙarfen da ake taka ƙafa kaɗai ba ne, ƙarfen da yake ɗauke da jikin motar gaba ɗaya ya ci. Da Hausarsa ta 'yan kasuwa ya ce wa Kawu, "Maigida, taya kana iya aro, fitila kana iya aro. Wannan wa zai ara maka?"

Kawu bai yi musu ba. Ni ce na yi magana. Ban san inda muryar ta fito ba. Na ce masa da Turanci motar mahaifina ce, yana hanya, ya ba mu shekara ɗaya kawai. Ya tambaye ni ko nakan shiga cikinta. Na ce e. Ya ce to shi ya sa ba zai sa hannu ba.

Baba Moro ya ce ruwan goro ne. Shekara da shekaru ana loda kwanduna da ɗanyen ganye ana yayyafa musu ruwa, yana gangarowa gaba yana kwanciya. Tabarmar kuma ta riƙe danshi ta rufe wurin, babu wanda ya ɗaga ta balle ya gani. Ya ce ko an gani da wuri, da ƙyar ta ƙara shekara. Ina jin don ni ya faɗi haka.

A hankali muka dawo, Kawu yana ɗage ƙafarsa daga wurin ramin. Da muka iso masu kaya suna jira a rumfa. Babu wanda ya nemi nasa. Sai da Kawu ya ce, "To, ku cire mana," sannan suka tashi.

Yanzu tana tsakar gida a kan duwatsu. Kawu zai fara jan motar wani Alhaji. Ba ni da sauran hujjar da zan hana a sayar da ita. Abin da ka ce a yi, shi za a yi.

'Yarka,
Lariya

*

Fort Lamy, ƙasar Chadi,
farkon azumi

Zuwa ga Lariya.

Wannan da hannuna na rubuta, da ajami, kin san shi tun makarantar allo. Ki yi haƙuri da karkacewarsa. Na daɗe ina jin nauyin aiko wa 'yar sakandare irin wannan rubutu, shi ya sa nake ba Boukari. Shi kuwa mutumin kirki ne, amma mai shago ne, in ka faɗi magana goma sai ya auna maka ɗaya.

Ina lafiya. Allah ya nufa na yi aikin hajji. A dawowa zazzaɓi ya kwantar da ni a bakin teku wata da watanni, ban san inda kaina yake ba. Da na iso Wad Madani na tarar da takardunki biyu, ta Agusta da ta Nuwamba, suna jirana tare. Boukari ya karanta ta farko, na ce ya tsaya, na fita waje. Washegari na ɗaure kayana. Ban san yadda gwajin bana ya kasance ba, na taso kafin labari ya zo.

Ga abin da na faɗa masa a wancan lokaci, wanda bai rubuta ba. Kin ba ni labarin aro kina ba ni dariya, na yi dariyar kuwa. Amma da kika ce kafin la'asar ta koma kan tayoyinta masu sanƙo, sai dariyar ta tsaya. Ni na fara wannan aro tare da Moro, na san abin da yake rufewa. A hanyata ta zuwa Sudan na ga motar da tayarta ta fashe da mutane a ciki, na taimaka wajen haƙa. Sai na ga ina zaune a nesa, maganar da na yi wa yarinya don kada ta yi kuka ita ce take riƙe da Bawah a kan mataccen ƙarfe, ke kuma kina shiga. Na ce a sake ta don kada in dawo in tarar da mota babu ku. Ba zama nake nufi ba, ban taɓa nufi ba. Ki karanta wa uwarki wannan wurin sau biyu.

Ina bin motocin kaya, inda suka tsaya in tsaya. Zan yi salla a Kano, gidan mai masaukin fatakenmu na goro, ki aika takarda can. Daga nan sai gida. Ba zan iya faɗin rana ba. An ce motocin arewa ranar Asabar suke shiga Kejetia.

Abu ɗaya yake damuna. Na bar ki kanki bai kai madubin mota ba. Duk 'yar makarantar da na gani a hanya sai in ce ko haka kika zama. Kejetia kuwa kin san ta. Ina tsoron in wuce ki ban sani ba, ke kuma na san ba za ki kira ni a cikin mutane ba. Ni ma na rame, gemu ya yi fari.

Mahaifinki

*

Zangon Kumasi,
Afrilu, 1958

Zuwa ga mahaifina, Alhaji,
ta hannun mai masaukin fataken goro, Kano.

Assalamu alaikum. Barka da salla, barka da sauka. Muna lafiya ƙalau. Rubutunka bai karkace ba. Na karanta wa Mma wurin da ka ce sau biyu, ta ce in ƙara. Yau ta sa an kwance katifa za a sake mata auduga, ta kuma yi faɗa da Kawu a kan ya bar taya a ƙofar gida, faɗan da rabon da mu ji irinsa tun bara.

Akwai takardata ta Fabrairu da ta bi ka Sudan, ba za ka gan ta ba. A taƙaice, Aberewa ta faɗi gwaji, tsatsa ta cinye ƙarƙashinta. Na yi kuka a lokacin. Yanzu da na karanta taka, na gode wa mutumin da ya ƙi sa hannu.

Ba a sayar da ita gaba ɗaya ba. Wani maƙeri ya ɗauki ƙarfen. Baba Moro kuma ya cire abin da yake da sauran amfani, ya ce fitilarta ɗaya da ƙafar madubinta da murfin tankinta sun fi na motoci da yawa. Ya zuba su cikin kayan aro. Shekaranjiya ya tare ni a hanya ya ce, "'Yar Gausu, albishirinki. Aberewa ta ci gwaji sau uku a watan nan." Na gaya masa abin da ka rubuta game da tayoyi. Ya ce in ka iso za ku zauna.

Ya nemi ham ɗin ma. Na hana shi. Ya ce duk Zango da shi aka dogara. Na ce in ka dawo ya roƙe ka da kansa.

Game da abin da yake damunka. Gaskiya ne na yi tsawo, na wuce Mma. Gaskiya ne kuma ba zan iya ƙwala maka kira a tasha ba, na gwada a raina na kasa. Amma kada ka wahalar da idonka a kan fuskokin 'yan makaranta. Daga Asabar mai zuwa zan riƙa tsayawa inda motocin arewa suke sauke fasinja, kusa da masu sayar da burodi. Duk motar da ta shigo, zan matsa ham ɗin yadda kake yi a kwanar gidanmu. Na san direbobi za su yi mini dariya, wasu za su zaci Aberewa ce ta tashi. Su yi.

Kai dai in ka ji, ka tsaya a inda kake. Ni zan zo.

'Yarka,
Lariya